Furar da Na Kai wa Baba Ila

Ran da Baba Ila, tsohon nan mai mantuwa, ya ɓata a dajin Cadawa, ni aka ɗora wa haɗa guzurin masu nema. Matata ta ce, "Malam, ka zuba dabino da ƙuli-ƙuli, su ba sa lalacewa." Na ce mata ba yau na fara shiga daji ba, wanda ya sha rana fura yake so. Na sa ta dama da nono mai tsami, na cika bido har wuya, na murɗe murfin tamau, na ɗaure a bayan babur.

Muka wuni rana na dukan furar, babur na jijjiga ta. Sai la'asar muka iske tsohon a gindin gawo, leɓensa duk ya bushe. Na ture kowa, na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ga sanyi." Ina kwance murfin, fura ta yi tsiri, ta wanke masa fuska har gemu.

Ya share ido ya ce, "Ɗan nan, me na yi maka?"

Yanzu Baba Ila ko sunan 'ya'yansa ba ya riƙewa. Amma da ya hango ni sai ya kare fuska da hannun riga, majalisa ta kwashe da dariya.