Uwar Ango a Layin Baya

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗar kan matar autana ba. Ko na ce zan manta ma, matan Ƙanƙara ba za su bar ni ba.

Bari in faro maku daga tushe. Ni tsohuwar malamar firamare ce, irin waɗanda in suka ɗaure fuska ko tari yaro ba ya iya yi a aji. Da na yi ritaya, ga Malam ya rasu, ga yara kowa ya kama gabansa, sai gida ya yi mani faɗi. Daga tabarma sai gado, ina ta kumbura. Likita ya ce jinina ya hau, in riƙa tafiya a ƙasa. Na ce, "Likita, in tafi ina? Hanyar gonar da na saba bi, yanzu ko maza sai sun yi shawara kafin su bi ta." Ya ce to in riƙa zagaya tsakar gida. Na fara zagayen, kaji suka tsaya suna kallona, na ce a'a, abin bai kai nan ba.

Maƙwabciyata Hajiya Binta ce ta cece ni. Ita ce ta gano wata rawa a waya, wadda mata ke yi a jere, layi bayan layi, ƙafar kowa ɗaya da ta 'yar'uwarta: dama, hagu, gaba, baya, a tafa, a juya. Ta riƙa tara mata a gidanta duk Asabar bayan la'asar, a kulle ƙofa, ko ƙeyar namiji babu. Har da wasu bayin Allah da suka taso daga Sabuwa suka dawo cikin gari, ba su san kowa ba sai mu. Ran da ta gayyace ni na ce, "Ni? Rawa? Da wannan furfurar?" Ta ce, "Haba Malama, magani ne fa. Ki ɗauka faretin 'yan makaranta ne." Na ce to zan zo in duba masu tsari kawai.

Wallahi na ji daɗin abin nan. Rabona da dariya har hawaye tun Malam na da rai. Barcina ya dawo, numfashina ya saki, na koma tun ranar Laraba nake ɗokin Asabar.

Sai dai fa rawar ba ta taɓa zama a kaina ba. (Ni da na yi shekaru ina cewa 'ya'yan mutane ba su da kai!) Dabarata ita ce in laɓe a layin baya, in kafa ido a diddigen ta gabana, inda ta sa ƙafa in sa. Matsalar ɗaya ce: akwai inda kowa ke juyawa gaba ɗaya, sai layin baya ya koma na gaba. A gidan Hajiya Binta wannan ba komai ba ne, bangon madafa nake fuskanta, in ɗan yi dabur-dabur har a sake juyowa. Kuma ta kafa mana doka: "Duk abin da ta gaba ta yi, ku yi. Ko kuskure ne, in kowa ta yi shi, ya zama rawa." Sau da yawa sun bi shirmena muna ta ƙyaƙyatawa.

Ana nan sai auren Nazifi, autana, ya taso. Yarinyar 'yar Faskari ce, gidan malamai. Kakarta, Hajiya Babba, ita ce mai faɗa a ji, kuma sai da ta ja mashi rai kafin ta yarda. Ta aika aka bincika gidanmu, aka ce mata uwarsa Malama ce, mai kamun kai, ba ta da wasa. A kan wannan shaidar aka ba shi. Shi ya sa ana saura 'yan kwanaki ya zo ya zauna a gabana yana murza hula.

"Inna, don girman Allah, ranar bikin nan ban da rawar nan taku. Su Hajiya Binta su yi abinsu, amma ke a'a. Tsohuwar nan ko rediyo ba a kunnawa gabanta in ba wa'azi ba."

Na ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri. Ni sa'arka ce? Ina ka taɓa ganin uwar ango na rawa?"

(A lokacin nan ankon ƙungiyarmu na wurin tela, har an yanka nawa.)

Ranar ta zo. Dangin amarya sun kawo ta sun kwana, da yamma aka taru buɗar kai, mata zalla cike da tsakar gida. Ni ina ɗaki yadda al'ada ta ce, kai a sunkuye, ana shigowa ana yi mani barka ina amsawa a hankali kamar marar lafiya. Can sai na ji an saki kiɗanmu a lasifika. Jama'a, ƙafata ce ta fara motsi a ƙarƙashin zane, ba ni ba. Na tambayi wata ƙanwata ina Hajiya Babba, ta ce tana can ɗakin amarya, ba ta fito ba. Ai ban san sa'ad da na zura anko ba. Na ja mayafi har kan hanci, na bi ta bayan randuna, na shige layin baya. Na waiga, babu kowa a bayana sai bishiyar darbejiya da katanga. Na ce alhamdulillahi.

Dama, hagu, gaba, baya. Ban taɓa yin rawa mai kyau irin ta ranar ba. Mata na guɗa, 'yan biki na ta shigowa layi, ni kuwa daɗi ya kwashe ni har da ɗan karkaɗa kafaɗa, abin da ba ya cikin tsari. Abin da ban sani ba shi ne, zafi ya dami tsohuwa a ɗaki, an fito da ita, an nemi inuwa nesa da lasifika, an shimfiɗa mata darduma a gindin darbejiya.

Aka tafa, aka juya.

Ido cikin ido. Ga Hajiya Babba zaune, carbi a hannu, sanda a gefe, tsakanina da ita bai wuce tabarma guda ba. Mayafina kuwa tuni ya sauka kafaɗa. Kun san yadda aka rene mu: ka ga babba, balle suruka, gwiwa ba ta jiran shawarar kai. Sai ji na yi na zube ƙasa na durƙusa.

"Hajiya, barka da hutawa. An zo lahiya?"

Sai na ji wani ruuu a bayana. Na saci kallo. Inna lillahi! Layi gaba ɗaya ya durƙusa, daga 'yan ƙungiya har 'yan biki. Ni ce ta gaba, abin da na yi suka yi. Bayin Allahn nan na Sabuwa, da yake su ba sa wasa da doka, har da haɗa baki: "Barka da hutawa!"

Kiɗa na ta tafiya, mu muna tsugune. Na yunƙura in tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake yunƙurawa, ta ƙara riƙewa. Su kuma ba mai tashi sai ta gaba ta tashi. Daga can ƙarshe na jiyo Hajiya Binta tana magana ta cikin haƙora: "Malama, ki tashi mana, cinyoyinmu za su tsage!" Na ce, "Ta ƙi!" Ta ce, "Wa?" Na ce, "Gwiwar!"

Wata ta kashe lasifika. Gida ya yi tsit. Zufa ta wanke mani fuska, ba abin da nake gani sai Nazifi da hularsa. Na ce shi ke nan, na kunyata yaron nan a gaban surukansa tun ba a je ko'ina ba.

Tsohuwa ta ƙura mani ido, ta juya ga wadda ke yi mata fifita. "Wagga ba uwar angon ba ce?"

"Ita ce, Hajiya."

"Malamar?"

"Ita fa."

Tsohuwa ta sake dubana. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Kafin ka ce me, dariya ta ƙwace mata, baki ba haƙori ko ɗaya, har carbi ya faɗi kan darduma. "Ikon Allah! Na tsufa ina zuwa biki, ba a taɓa gaishe ni da kiɗa ba sai yau." Ta miƙo mani sandarta. "Kama ki tashi, ɗiyata, kar ki kashe bayin Allah."

Na kama, na miƙe da ƙyar, layi ya miƙe da ni, ana nishi ana salati. Ta riƙe hannuna ta jawo ni kusa.

"Bari in gaya maki gaskiya. Tun da aka ce mani uwar mijin ba ta dariya nake kwana da damuwa. Na ce jikata mai son wasa za ta je ta yi zaman makoki. Yanzu hankalina ya kwanta." Ta ɗaga murya: "Ku maido kiɗan daga farko, ni bayanku kawai na gani!"

Guɗar da aka yi a gidan nan, na tabbata an ji ta har bakin kasuwa. Muka sake daga farko, ina dariya ina share hawaye.

Washegari Nazifi ya zo gaishe ni. Ya zauna, ya dube ni, na dubi bango. Can ya kwaikwayi muryata ya ce, "Inna, ina ka taɓa ganin uwar ango na rawa?" Na jefe shi da mafici.

Darasin da na ɗauka ba mai yawa ba ne. Yanzu in kiɗa na tashi, ko wa na hango, daga tsaye nake ɗaga hannu. Durƙuso kuwa ban daina ba, tarbiyya ce, amma sai na fara dubawa ko akwai mai sanda a kusa.