Ƙwallon Dabino a Bakin Bushiya

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, dabbobi sun gaji wata madatsar ruwa daga kakanninsu. Ƙofa biyu gare ta. Ƙaramar tana sakin ruwa zuwa fadama, babbar kuwa tana fuskantar Unguwar Gangare, inda kurege da zomaye da gafiyoyi suka haƙa gidajensu. Shekara talatin Malam Zalɓe ne ke kula da ƙofofin nan, ruwa bai taɓa shiga ramin kowa ba. Saboda haka ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake yi.

Ana saura wata biyu damina ta faɗi, Malam Zalɓe ya shaida wa majalisa cewa gwiwoyinsa sun gaza, zai koma wurin 'ya'yansa a wani tafki mai nisa. Aka naɗa wani gadu, wato aladen daji, mai suna Korau ya gaje shi. Korau ƙaƙƙarfa ne, mai riƙon amana, sai dai karatunsa a hankali yake, yana bin layi da haurensa. Matarsa da 'ya'yansa biyar a Unguwar Gangare suke, a ramin da ruwa zai fara tararwa.

Giwa, shugabar majalisa, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, a rubuta duk abin da Malam ya sani tun yana nan. Aka ɗora aikin a kan Dawisu, magatakardan majalisa. Ya zauna da Malam kwana uku, ya kulle kansa mako uku, ya fito da kundi mai shafi arba'in da bangon fata. Ranar gabatarwa ya buɗe wutsiyarsa ya karanta:

"Kasancewar ruwa ginshiƙi ne daga cikin ginshiƙan rayuwa, kuma bisa la'akari da muhimmiyar rawar da madatsa ke takawa wajen ɗorewar ci gaban al'umma, ya zama wajibi ga duk masu ruwa da tsaki su ɗauki matakan da suka dace, a lokacin da ya dace, ta hanyar da ta dace."

Aka yi tafi. Kowa ya ɗauka na kusa da shi ya gane. Biri ya ce tun da yake bai taɓa jin magana mai nauyi irin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Korau ne kaɗai ya ɗaga kai. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni dai ban ji inda aka ce wace ƙofa zan fara buɗewa ba."

Dawisu ya amsa cewa wannan yana shafi na talatin da bakwai, ƙarƙashin "sauran batutuwa". Dila ya ƙara da cewa in kai bai ɗauka ba, ba a kama littafi da laifi. Aka yi dariya, aka tashi.

A gindin tsamiyar bakin kasuwa akwai wata tsohuwar bushiya, Tabawa, mai rubuta wa jama'a wasiƙa. Wurinta Korau ya nufa da kundin a baya, ya roƙe ta ta koya masa saurin karatu. Ba ta buɗe kundin ba. Ta tambaye shi a ina zai kasance ranar da zai buƙaci rubutun, ya ce a kan madatsa, cikin ruwan sama. Ta tambaye shi lokaci nawa zai samu, ya ce Malam ya gaya masa bai kai na dafa shayi ba.

Ta ce, "To ɗana, ba idonka ne ke da ciwo ba. Tashi mu je wurin Giwa."

A gaban majalisa Tabawa ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "Ranki ya daɗe, kundin Magatakarda ya tara ilimi, ban zo rage masa daraja ba. Shi an rubuta shi don wanda ke zaune a inuwa. Ni ina roƙon a bar ni in rubuta shafi ɗaya don wanda ke tsaye a laka. Sharaɗina guda ne. Ba za a buga wa takardar hatimi ba sai Korau ya buɗe ƙofofin nan a gabana da ita kaɗai, ba mai tsoma masa baki. In ya yi tuntuɓe, takardar za mu gyara, ba shi ba."

Giwa ta ga ba abin da za a rasa, ta yarda.

Washegari da safe suka haɗu a kan madatsa, ruwa yana ƙasa, ba haɗari a gwaji. Tabawa ta miƙa wa Korau takardar da ta rubuta daga bakin Malam Zalɓe. Sai ta ciro ƙwallon dabino guda biyu, ta jefa ɗaya a bakinta, ta miƙa wa Malam ɗayan. Ya tambaye ta ko sadaka ce. Ta ce a'a, linzami ne, don duk wanda ya san abu bakinsa ƙaiƙayi yake yi, kuma ranar ambaliya takarda ba ta da baki.

Korau ya karanta layin farko: idan ruwa ya yi yawa, a buɗe ƙaramar ƙofa. Ya tsaya yana duban kogi, yana duban takarda. Tabawa ta bar shi ya daɗe a haka, sannan ta tofar da ƙwallon ta tambayi Malam yawan ruwa nawa ne yawa. Malam ya ce ai ana gani. Ta ce shi ke gani. Da ta matsa masa, sai ya tuna akwai wani jan dutse a gefen gabas, in ruwa ya rufe shi lokaci ya yi. Ta goge layin ta rubuta: "Idan ruwa ya rufe jan dutse, fara da ƙaramar ƙofa. Kada ka taɓa babbar sai fadama ta cika." Gargaɗin shafi na talatin da bakwai ya dawo layi na ɗaya.

Kwana na biyu Korau ya kama igiyar ƙaramar ƙofa ya ja. Ba ta motsa ba. Ya ja har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ƙofa na nan kamar an dasa ta. Malam Zalɓe ya kusa haɗiye ƙwallonsa. Shi da ba shi da nauyin kan Korau, da bakinsa kawai yake jan igiyar nan ƙofar ta buɗe. Tabawa ta yi masa alama ya nuna. Ya shiga ruwa ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya ja, ƙofa ta buɗe kamar ta ɗaki.

Kowa bakin Malam yake kallo. Tabawa, da yake ita gajeriya ce, ƙafarsa take kallo. Ta ce ya ɗaga ƙafar hagu a gani. Ashe akwai sakatar ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, shekara talatin yana taka ta ba tare da ya san aiki yake yi ba.

Malam ya ce, "Tabawa, ni na ɗauka tsayuwa kawai nake yi. Da na tafi da wannan a tafin ƙafata, da na kashe unguwa guda ina can ina cin kifi. Allah ya saka miki."

Ta ce ba laifinsa ba ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma shi ne kuma ya daina ganin bakin ƙofarsa. Da yake Korau ba zai iya tsayawa a zurfin nan ba, aka sare gora mai tsawo aka jingine ta a wurin, aka ƙara layi: "Danna sakatar da gora har ka ji ƙara, sannan ka ja igiya."

Haka suka yi kwana shida. Sau tara ana sake takardar, kullum tana ƙara gajarta. Dawisu yakan zo ya tsaya nesa, wai shan iska yake yi. Ranar ƙarshe ya matso ya karanta, ya ce layi bakwai ne kawai, ko gaisuwa babu.

Tabawa ta ce, "Magatakarda, ruwa ma ba ya sallama."

Da za su watse, ya rage murya ya tambaye ta ko tana da sauran ƙwallon dabino, don yana da wata sanarwa da yake so ya gwada a kan Jaki. Ta ba shi biyu.

Malam Zalɓe ya tafi. A tsakiyar damina, wata ranar kasuwa da hantsi, aka yi ruwan da tsofaffi suka ce ba su ga irinsa ba. Korau yana kan madatsa shi kaɗai lokacin da jan dutse ya nutse. Daga inda yake yana hango bakin raminsa. Duk abin da ya haddace ya gudu daga kansa, ƙafafunsa suka nufi babbar ƙofa don ita ce kusa. Sai ya ga takardar manne a jikin turke. Ya tsaya, ya ɗora haure a layin farko, ya bi ta a hankali yadda ya saba. Ya koma ƙaramar ƙofa, ya danna gora har ya ji ƙara, ya ja igiya.

Da azahar ya isa gida jiƙe sharkaf. Matarsa, Dela, ta ce tuwo ya huce, ina ya tsaya. Maƙwabta kuma suna ta mamakin yadda fadama ta cika bana. Ba wanda ya san an yi wani abu, sai Tabawa, wadda ta tarar Korau ya ajiye mata kwandon dabino a gindin tsamiya washegari.

A zaman majalisa na gaba aka yaba wa kundin da ya kare daji, aka sa shi a akwatin gilashi. Yana nan har yau, ko kusurwa ɗaya bai lanƙwashe ba. Takardar Tabawa kuwa sau huɗu ke nan ana sake kwafarta, saboda laka.