Dokar Alƙalin Zare

Duk wanda bai san Alƙalin Zare ba, a yi masa uzuri, bai taɓa shiga harkar alluna ba ne. Harka ce ta 'yan sha'awa. Mutum ya ajiye tsohuwar kwamfuta a kusurwar ɗaki, ya jona ta da layin tarho, ya kira ta allo. Jama'a su rubuta saƙonni, allunan su riƙa miƙa wa juna. Ƙa'idar ba wuya: kowane saƙo da lambarsa, kowace amsa kuma ta ɗauko lambar saƙon da take amsawa, don ta rataya a ƙarƙashinsa. Jerin nan shi ake kira zare. Don tsaron zaren nan ne Allah ya yi wa 'yan allo baiwa da gwarzo guda.

Ba wanda ya naɗa shi. Manya ba sa jiran naɗi. Yana yin ritaya daga aikin rarraba wasiƙu ya fitar da keken ɗinkin matarsa daga ƙaramin ɗaki, ya kafa teburi, ya buga allon katako a ƙofa: Ofishin Kula da Ƙa'ida. A jikin ƙusar allon katakon nan matar ke rataye tawul.

"Jama'a," yakan rubuta, "amsar da ba ta ɗauko lambar uwarta ba marainiya ce. Ni kuwa ba gidan marayu na buɗe ba."

Gaskiyar magana, ban da allunan nan babu mai sauraronsa a duniya. 'Ya'ya sun watse, matar ta iya cewa "to" ba tare da ta ji komai ba. A allo kaɗai yake wani abu, kuma ya san haka, shi ya sa yake riƙon abin da haƙora.

Da ya ga manhajojin mutane ba su kai matsayinsa ba, sai ya zauna ya rubuta tasa, ya raɗa mata suna Cikakkiya. Kuma ta cika, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba. Maimakon lambar saƙon da ake amsawa, lambar saƙon da ya shigo ƙarshe take ɗaukowa. A gilashin kwamfutar maigidanta komai a jere yake tsaf, don ta san mai ita.

Wani mai gyaran agogo ya sanar cewa matarsa ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji. A ƙarƙashin sanarwar, tsawar da Alƙali ya yi wa wani tela ta zo ta rataya: "An ƙi. A mayar da shi inda ya fito, a gyara, a sake turowa."

Wani tsohon direba ya rubuta cewa ɓarayi sun yi gaba da motarsa. Yabon da Alƙali ya yi wa wani sabon shiga ya sauka a ƙasa: "Madalla. Irin wannan nake so in riƙa gani kullum."

Mai kemis, wanda babbar kwamfutar da ke haɗa allunan take bayan shagonsa, ya same shi cikin ladabi.

"Yallaɓai, amsoshinka fa suna sauka a inda ba nan ka aike su ba."

"A alluna nawa aka ga haka?"

"Dukansu."

Alƙali ya cire tabarau, ya girgiza kai, tausayin jama'a ya kama shi. "To ka ji girman ɓarnar. Duka sun lalace."

Ranar taron 'yan allo, a bayan shagon, tsakanin kwalayen magani, ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"'Yan uwa, lallashi ya ƙare. Ga doka. Babbar kwamfuta ta riƙa gwada kowane allo da kanta. Wanda manhajarsa ta tsinka zare, a yanke shi nan take, ba sani ba sabo. Mai ƙorafi ya turo ta allo, a kan zare, bisa ƙa'ida. Ban yarda da roƙo ta tarho ba, ban yarda da zuwa gida ba."

Bai taɓa ganin haɗin kai irin na ranar ba. Kowa ya ɗaga hannu. Mai gyaran agogo hannu biyu ya ɗaga, direba har da tafi. Alƙali ya koma gida idonsa da ƙwallar farin ciki, ya ce wa matar yau jama'a sun san darajarsa. Ta ce to.

Washegari ya kunna kwamfuta, ya haɗa shayi, ya zauna jiran ganin waɗanda doka ta ci. Ya kira babbar kwamfuta, na'urar kiran ta yi kukanta, ta yi shiru. Ya sake kira. Ya busa waya, ya jijjiga soket, ya zargi kamfanin tarho, ya zargi tawul. Shayi ya huce. Da rana ta take, ya ɗauki tarho ya kira mai kemis.

"Kwamfutarka ta yi kuskure, ta yanke ni."

"Ayya, yallaɓai. Sai ka turo ƙorafi ta allo."

"Ta wane allon? An yanke ni, nake ce maka!"

"Wallahi hannuna a ɗaure yake, doka ta hana roƙo ta tarho."

"To mutum nawa ta yanke?"

"Kai kaɗai ne, yallaɓai. Amma Allah ya saka maka da alheri, doka ce mai kyau. Tun safe zare bai ƙara tsinkewa ba."