Yadda Za Ki Suma Ki Hana 'Yarki Tafiya Landan

'Yar'uwa, an ce 'yarki ta fara haɗa akwati, wai za ta Landan koyon aikin jinya, ta bar ki ke da kyanwa a gidan marigayi mijinki? Share hawayenki. Ni Hepzibah Tranter, duk garin nan babu matar da ta kai ni iya suma, har a coci na taɓa yi. Bi matakan nan, na yi miki alkawari ko ƙofar lambu yarinyar ba za ta kai ba.

1. Zaɓi wurin faɗuwa

Doguwar kujerar falo ce wurin, nesa da murhu. Kuma ta gefe ake faɗuwa. Bujen nan namu mai zoben wayar ƙarfe a ciki ba shi da kunya, in kika tafi da baya sai ya kife sama kamar akurki, fasto ya ga abin da bai karanta ba.

2. Nemi 'yan kallo

Suma babu shaida barci ne kawai. Ki bari sai lokacin shayin la'asar, baƙi sun zazzauna. Ajiye kofin tukuna, na gado ne.

3. Bar magana mai ciwo

Dafe ƙirji, ki ce, "Kar ki damu da ni, 'yar nan, je ki yi jinyar iyayen wasu." Sai ki sulale. Maƙwabciyata Dorcas, ɗalibata ta farko, da wannan kaɗai ta sa 'yarta Winifred ta kwance akwati ba sau ɗaya ba.

4. Jure gishiri

Za su kanga miki kwalbar gishirin nan mai hawa kai a hanci. Daure! Wadda ta yi atishawa ta tona asirinmu duka.

5. Kada ki dubi fuskar yarinyar

Nan Dorcas ta ba ni kunya. Ranar da keken doki ya tsaya a ƙofa, ta zube yadda na koya mata, ni kaina saura kaɗan in tafa. Amma Winifred ba ta ɗauko gishiri ba. Zama ta yi a ƙasa, hular tafiya a kanta, ta kama hannun uwar.

"Mama, na san kina jina, ga fatar idonki na rawa. Aikin nan nake so, ke ma kin sani. Amma in kika ce in zauna da bakinki, yanzu zan sallami mai doki, ba kuma zan ƙara tayar da maganar ba."

Na ce a raina, shi ke nan, mun ci! Kalma ɗaya ta rage, ana iya faɗinta ido rufe. Sai matar nan ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon 'yarta, ta ce, "Kin sa safa masu kauri a akwatin? An ce asibitin nan sanyi gare shi."

Don Allah ji sakarci! Har tasha ta raka ta, tana murmushi. Sai da jirgin ƙasa ya ɓace ta faɗo jikina. Ni na riƙo ta zuwa gida, ta ba ni tausayi ƙwarai.

Gargaɗi

Babu ruwana da kumburin goshi, ko 'yar da ta fi uwarta wayo. Wadda zuciyarta ta ci amanarta, ta kuka da kanta. Kuma kada a sake tambayata ina tawa 'yar take. Tana Liverpool tana koyarwa, ni na saƙa mata safar.