Wuyan Fanka da Salular Inna

Matata Hadiza tana haɗa sabulu a gida, nan Gaya. Da ta ce tana son hotuna masu kyau saboda masu saye na Yamai, na ce ta bar mini, sai ka ce sana'ar da na gada ke nan. Na ciro wuyan wata tsohuwar fanka mai hawa da sauka, na kafe shi a gefen tebur, na lanƙwaso ƙarfe ya leƙo ta sama. Na ja da baya ina kallonsa, ina jinjina wa kaina.

Salular Inna ce kaɗai mai hoto sosai a gidan, sai na je aro. Ta riƙe ta a ƙirji.

"Ɗan nan, muryar marigayi babanku tana ciki. Ba ni da ita a ko'ina."

"Inna, ko iskar damina ba ta girgiza abin nan," na ce.

Na ɗaure salular a bakin ƙarfen, Hadiza ta ajiye babbar roba cike da ruwan sabulu mai soda a ƙarƙashinta. Na ce bari in ɗan sauke salular hoton ya fito. Ina murɗa makullin wuyan fankar, ya sulale gaba ɗaya, salular ta nutse cikin robar.

Mai gyara a kasuwa ya buɗe ta, ya girgiza kai kawai. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta karɓa, ta ƙulle ta a bakin zane, ta shige ɗaki.

Ita ta yafe, yayyena ne suka ƙi. Har yau in an haihu a gidanmu na miƙa hannu, sai wani ya ce, "Kada ku ba Injiniya jaririn, akwai ruwa kusa."