Ranar Da Na Hau Bokiti A Sharaɗa

Na manta da sunayen garuruwa da yawa da na kwana a cikinsu, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka nuna fim ɗinmu a Sharaɗa ba. Na ce "ɗinmu" domin a lokacin haka nake kiransa, da bakina, a gaban mutane.

A da, idan jiniyar kamfanoni ta yi kuka da safe, kekunan ma'aikata sai su toshe titin Bompai, mu kuma 'yan talla mu loda a-kori-kura mu nufi bakin iyaka. Shekara talatin na yi ina tallar bokitin roba na wani kamfani a Sharaɗa. Na kai shi Maraɗi da Yamai, na kai shi Injamena, har Kumasi mun je tare. A hanya na tsinci Faransanci da Zabarmanci da Larabcin Chadi, ga ɗan Turancin makaranta. Yanzu ƙofofin kamfanoni da yawa a garƙame suke, talla ta koma cikin waya, mu tsofaffin 'yan talla kuma mun koma kan wani benci a gindin darbejiya a Bompai, muna ba juna labaran da kowa ya riga ya haddace. Wannan bencin shi ne abin da ya rage mini, kuma shi na kusa rasawa.

Nazifi, ɗan ƙanwata, shi ya zo ya ce zai shirya fim ɗin barkwanci a kan 'yan talla uku da kasuwa ta juya wa baya. Kwana uku yana zaune a zaurena yana naɗar maganata. Na ba shi komai, har sirrin sana'ar: ɗan tallar bokiti ba ya rantsuwa, kife bokitin yake yi ya hau kansa da ƙafa biyu a gaban masu saye. Wannan kowace ƙasa tana jin yarensa.

Daga nan na shiga shelar cewa tarihina za a nuna. Malam Iro, Bazazzagin da muka yi tafiye-tafiye tare (ya daɗe yana cewa mu Kanawa ko inuwarmu aka taya za mu sayar), ya tambaye ni ko na ga fim ɗin. Na ce masa mutum ba ya buƙatar kallon rayuwarsa kafin ya san tana da daɗi.

An ba mu aron ɗakin cin abincin ma'aikata na tsohon kamfaninmu, bayan Azahar. Tsofaffin 'yan bencinmu suna layin gaba, bayansu ma'aikata, 'yan Jigawa da 'yan Nijar da mutanen Filato, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Mama Laraba, mutuniyar Kagoro da take dafa wa ma'aikata tun zamaninmu, ta jingina da ƙofar kicin. Na tashi da babbar riga mai sitati na gaishe su da yare huɗu (ba wanda ya roƙe ni). Na rufe da cewa, "Duk abin da za ku gani, ni ne. Na sa hannu."

Aka kashe fitila. 'Yan tallar fim suka fito da kwat da laktaye a tsakar rana. Kafin minti goma sun daina talla gaba ɗaya, sun sace motar kamfani, sun sace manaja sun cusa shi a cikin duro. Shugabansu dattijo ne mai karkata hula gefen hagu, yana jefa Faransanci a inda ba a tambaye shi ba. Na ɗaga hannu a hankali na daidaita tawa hular.

Na ga yadda mutane ke ƙin fim a wurare da yawa. A Yamai fito suke yi. A Kumasi da allon suke faɗa kamar yana jinsu. A Injamena na ga ɗaki ya watse shiru, kowa ya ɗauki takalminsa. Ma'aikatan Kano ba su yi ko ɗaya ba, gyara suka shiga yi. Wani direba ya ce yadda aka jera bokitan nan ɗaiɗai, ba a zura su cikin juna ba, motar ko Challawa da ke nan kusa ba za ta kai da kaya ba. Wata mai aikin injin ta ce duron da aka sa manaja na kemika ne, da tuni ya suma. Dariya dai ba wanda ya yi, sai tarin wani dattijo da ƙarar janareta.

Sai aka zo wurin gwada bokiti. Jarumin ya ɗauke shi ya ƙwanƙwasa da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Layin gaba ya motsa gaba ɗaya. Malam Iro ya juyo, kuma wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Alhaji, ashe manaja kuka sace ka gina gidanka na Zawaciki? Jikokinmu za su kalli wannan su ce ɓarayi ne kakanninsu, kuma kai ka sa hannu. Gobe ka nemi wani bencin."

Na ga sauran suna laluben sandunansu. Ban san lokacin da na miƙe na ce a tsayar da fim a kunna fitila ba. Nazifi ya yi wa teburin gaba ado da kayan da aka yi wasan da su, har da jan bokitin jarumi. Na ɗauko shi na kife, na cire takalmi, na naɗe riga a kafaɗa, na ce yau za su ga yadda ake yi. Dokar farko ita ce ka danna gindin bokiti da babban yatsa kafin ka hau. Ni na koya wa rabin mutanen layin gaba wannan dokar, ni ne kuma ban bi ta ba.

Bokitin irin na tsohuwar roba ne da aka sake narkawa, mai kyan launi, marar ƙashi. Na ɗora ƙafa ta biyu ke nan ya yi ƙara, ƙafar dama ta zurma har ƙwauri, na zauna daɓas a kan siminti, hulata ta gangara ƙarƙashin kujerar wani ɗan Damagaram. Dariyar da fim ya yi awa guda yana nema, ni na samo ta cikin daƙiƙa ɗaya. Wayoyi suka ɗago sama. Na taɓa kwana a hannun 'yan kwastan a wata iyaka da singileti kawai, amma kunyar waccan ranar ba ta kama ƙafar wannan ba.

Ina zaune da bokiti a ƙafa sai tsohuwar sana'a ta dawo mini. A kasuwar Maraɗi ai bokitin abokin gasa muke fara fasawa. Na ɗaga ƙafar da bokitin a jikinta yadda na baya za su gani.

"Jama'a, wannan na wasu ke nan, kun ga ƙarshensa. Mama Laraba, a kawo namu."

Allah ya saka wa matar nan, ba ta tambayi me nake nufi ba. Ta shiga kicin ta juye shinkafar da take wankewa, ta fito da wani shuɗin bokiti da ya koɗe ya zama launin toka. Ni na ba ta shi samfur tun 'yarta ta fari tana goye. Ta dire shi a gabana ta ce, "Alhaji, in ka fasa mini shi, kai za ka wanke shinkafar gobe a hularka."

Wannan karon na danna gindinsa da yatsa. Na san roba ta tsufa, ni kuma tuwo ya zauna mini. Na yi bisimilla na hau. Ya yi 'yar ƙara, ya tsaya. Na ɗaga ƙafa ɗaya. Ya tsaya. Ɗakin ya ɗauki tafi, ni kuma bakina ya buɗe da kirarin tallar da na yi shekaru ban furta ba. Na yi da Hausa, na juya Zabarmanci, wasu 'yan Dosso a baya suka amsa mini. Malam Iro ya taso ya ba ni kafaɗarsa na dafa, yana cewa yana tsoron kada Bakano ya faɗi a ce Bazazzagi ne ya ture shi, sannan ya karɓi amshin kamar yadda muke yi a kasuwa.

Daga kan bokitin nan na ba su labarin yadda muka tura mota a yashi kwana biyu da kayan kamfani, ko murfi ɗaya bai ɓata ba. Tsofaffin suka riƙa tashi suna ƙara nasu. Har aka kira La'asar ba wanda ya ce a ƙarasa fim, har yau ban san ko manajan ya fito daga duro ba. Nazifi ya zo yana sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, na ɗauka talla ba za ta riƙe masu kallo ba, shi ya sa na sa sata." Na nuna masa ɗakin kawai.

Washegari na je Bompai da ɗingishi, na tarar an bar mini tsakiyar benci, inda inuwa ta fi kauri. Sunana ya koma Alhaji Bokiti daga Sharaɗa har Challawa, kuma ina amsawa. Tun ranar ban sake yabon wani abu ba, fim ne ko mutum ko roba, sai na fara danna gindinsa na hau kansa da ƙafafuna.