Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Ƙarƙashin Teburina

Da zuciya mai ɗauke da baƙin ciki, da haushin da ba zan ɓoye ba, nake sanar da abokan aikin manhajarmu rasuwar Tsohuwa, kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina, bayan gajeruwar jinya da doguwar muhawara.

Ga wanda bai san ta ba, manhajar tamu ta kowa ce. Kowa na iya buɗe cikinta ya yi gyara, ba a biyan kowa, shi ya sa kowa shugaba ne. Duk gyaran da aka turo, marigayiya ce ke gwada shi kafin a karɓa. In ya yi kyau ta ce ƙit. In shirme ne ta yi ta gurnani, guuu, don ba ta iya cin fuskar manya ba. Ba ta taɓa neman a sa sunanta cikin jerin godiya ba.

Ciwon ajali ya fara daga fanka, wadda ta koma kar-kar-kar. Na sayo sabuwa, har na ɗauko sukundireba, sai na tuna ƙa'ida: tun ranar da na ba da Tsohuwa ga aikin, ba mai kwance ta sai kwamitin da ke da hurumi ya yarda, mutum biyu sun sa hannu.

Kwamitin Gwaji ya ce shi abin da ke gudana a cikinta ya sani, ba ruwansa da gangar jiki. Kwamitin Kayan Aiki kuwa, shugabansa ya yi aure ya ɓace, saura mutum ɗaya, shi ma yana ta ba ni haƙuri. Kwamitin Tsaro ya nemi sanin asalin fankar da wanda ya haife ta. Masu rubuta bayani, Allah ya saka musu, sun rubuta shafi guda mai kyau kan yadda ake gane kukan fanka. Daga ƙarshe Injiniya, shugaban shugabanni, ya yanke cewa a kafa sabon kwamiti ya duba, aka naɗa ni sakatare.

Muna cikin taron zaɓar wa kwamitin suna na ji ƙauri. Tsohuwa ta ce ƙit, ta yi shiru, ga sabuwar fankar a cinyata cikin leda. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ta rasu ta bar allo ɗaya da ya makance da baƙin ciki, da linzami marar abin ja, da gyare-gyare jingim da ba mai gwada su, da kwamitoci cikin ƙoshin lafiya. Sabuwar manhajar da muka yi wa jama'a alkawari sai wani jiƙon.

Game da jana'iza, kwamitoci ba su daidaita kan mai hurumin gawa ba. Amma maman yara, wadda ba ta cikin kowane kwamiti, ta sa ranar Asabar da safe, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da baro. Na tuna mata ƙa'ida, ta dube ni ta ce, "Baban yara, in kwamitin ne zai riƙa share ƙarƙashin teburin, to ya zo ya ɗauki tsintsiya."

Ana karɓar gaisuwa a zauren tattaunawa. Duk wanda bai amince da binnewar ba, ya turo ƙorafinsa kafin Litinin. Za a duba.